Shekarar da Rifkatu Ta Zo da Kyanwa

Na ji abin da ake faɗa a tsakaninku, ku 'ya'yana, game da tashin Yapendo Rifkatu daga gidanmu na unguwar Gwadabawa. Wasunku sun ɗauka saɓani muka samu ni da ita. Wasu na cewa mahaifinku ne ya gaji da baƙunta. Har na taɓa jin ɗaya daga cikin jikokina yana cewa wai don ita Kirista ce. Ban tanka ba a lokacin, domin maganar tana da tsawo. Yanzu da ƙafa ta hana ni yawo, hannu kuma bai daina riƙe alƙalami ba, bari in rubuta muku yadda aka yi. Yawancinku ba kwa gida a shekarar. Hauwa'u ce kaɗai ta gani da idonta, ita kuwa a lokacin ta kanta take yi.

Da Rifkatu muka fara aikin koyarwa a wata firamare a nan Jimeta, muna 'yan mata, ba wadda ta san abin da take yi a cikinmu. Ajinta yana jikin nawa, bangon kuma bai kai rufi ba, saboda haka idan yarana sun fi ƙarfina sai in ji muryarta ta tsallako tana tsawata musu. Kwano ɗaya muke ci. Idan azumi ya zo ba ta kai komai baki a gabana, idan Kirsimeti ta zo kuma sai ta kawo kazarta mahaifinku ya yanka, don mu ma mu ci. Daga baya ta auri Malam Bitrus, wani malamin gona dogo mai ƙarancin magana, suka koma garinsu can bayan Michika, a gindin dutse. Allah bai ba su haihuwa mai zama ba. Ku ne 'ya'yanta, shi ya sa kuka tashi kuna ce mata Yapendo, kamar yadda Fulanin Yola ke kiran 'yar'uwar uwa. Duk kaka sai buhun gyaɗa ya iso gidanmu daga wajenta, ni kuma in aika mata da kilishi da kayan ɗinki.

A shekarar da mutanen daji suka kwararo garuruwan arewacin jiharmu, Jimeta ta cika da jama'a har ba masaka tsinke. Makarantu, masallatai, coci-coci, zaurukan mutane, ko'ina baƙi ne da ƙullin kaya a ka, wasu ma ba ƙullin. Na yi ta kiran wayar Rifkatu ba ta shiga. Rannan da hantsi ina tsakar gida ina shanya kuɓewa sai na ji sallama a bakin ƙofa, da wata murya da ta dushe. Na juyo na ga wata tsohuwa ba takalmi, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage, ta rungume wani ɗan kwando da aka ɗaure bakinsa da ɗankwali. Sai da ta kira sunana na gane ta.

"Ma'u, ni ce."

Na kama ta na zaunar a kan tabarma, na kawo ruwa. Ba ta sha ba. Ta kwance ɗankwalin, ta zuba ruwan a tafin hannunta ta miƙa cikin kwandon. Wata kyanwa ce fara mai tabon toka a kunne ɗaya, ta ƙanjame, tana lasar ruwan tana rawar jiki.

"Ladi ne," in ji Rifkatu. "Na Bitrus."

Labarin bai fito a ranar ba, da kaɗan-kaɗan ya riƙa fitowa. Bitrus ya tsinci kyanwar tana jaririya a bayan cocinsu wata ranar Lahadi, shi ya sa ya sa mata Ladi. Tare suke zuwa gona, tana bin sa kamar kare, idan ya zauna sauraron rediyo kuma a cinyarsa take kwanciya. Ranar da harbi ya iso garinsu, ya rako Rifkatu har bakin hanyar da mutane ke bi zuwa kan dutse, sannan ya ce zai koma ya goyo yayansa wanda ba ya iya tafiya. Ya ce ta yi gaba, yana nan tafe. Ta ce mini ba ta san yadda aka yi ta ɗauko kyanwar ba. Takardun fanshonta suna kan tebur, zannuwanta suna cikin akwati, amma da ta dawo hayyacinta a kan dutse, kwando ta gani a hannunta yana motsi. Wayar Bitrus ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya kuma ta daina shiga gaba ɗaya.

Na ba ta ɗakin da ke kusa da kicin. Kun san mahaifinku, Allah ya jiƙansa. Mahauci ne ɗan mahauci, kakansa daga Kano ya zo Yola da wuƙarsa, kuma duk rayuwarsa bai iya maganar rarrashi ba. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya gaishe ta, ya ce Allah ya bayyana Malam Bitrus, sannan ya rasa abin da zai ƙara. Sai idonsa ya faɗa kan kyanwar. Washegari da ya dawo daga kwata ya shigo da ƙullin leda daban, hanta da huhu da ɗan tumbi, da ɗuminsu, jini na ɗiga. Ya tsuguna da kansa, mutumin da ko kwanon abincinsa ba ya ɗauka, ya yayyanka ƙanana ya zuba mata a murfin tukunya. Na ce ya bari in ɗan tafasa.

"Haba Malama," ya ce. "Kyanwa ai ƙanwar zaki ce. Wa ya taɓa dafa wa zaki nama?"

Rifkatu ta yi murmushi, karo na farko tun zuwanta. Daga ranar kullum sai ledar Ladi ta shigo. Wani lokaci kayan ciki ne, wani lokaci kuma idan ya biya ta bakin kogin Binuwai ya zo da ƙananan kifi ɗanye. Wannan ce gaisuwar jajensa, kuma Rifkatu ta gane haka. Ladi ta murmure, gashinta ya kwanta yana sheƙi, ta fara hawa katanga. Rifkatu ma ta fara cin abinci. Da yamma takan zauna a gindin bishiyar dalbejiya da kyanwar a cinya da waya a hannu, ta kira lambar Bitrus, ta saurari muryar da ke cewa a kashe take, ta ajiye. Duk inda aka ce wasu sababbin 'yan gudun hijira sun iso sai mu je, ta yi ta duba fuskoki tana tambaya da yarensu.

Ana cikin haka aka kawo Hauwa'u gida. Ciki na uku ke nan gare ta, biyun farko duk ba su zo da rai ba. Likita ya ce ta huta, mijinta Umaru kuma yana fita aiki tun safe, sai ya ɗauko ta daga gidansu na unguwar Makama ya kawo mini. Gidan ya yi daɗi a 'yan makonnin nan, duk da abin da ke faruwa a gari. Rifkatu ta samu wadda za ta yi wa hidima. Ita ke dama mata kunun gyaɗa, ita ke matsa mata ƙafa, tana yi mata waƙoƙin garinsu da ba mu san ma'anarsu ba. Hauwa'u kuma ta shaƙu da Ladi. Zaman wuri ɗaya yana gundurarta, sai ta karɓi aikin yanka mata nama, da hannunta take ba ta. Akwai kuma ɗan fili a bayan kicin inda na shuka alayyafo da rama, kusa da tarin yashin da mahaifinku ya sauke don gyaran katanga. Nan Hauwa'u ke zama da safe tana cire ciyawa, nan kuma Ladi ke zuwa ta yi bayan gida ta rufe da ƙasa. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Sannu a hankali kyanwar ta fara sauyawa. Tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, cikin ya yi tulu, haƙarƙari a waje. Gashin ya yamutse. Sai zawo, sai amai. Wata safiya ta yi amai a ƙofar ɗakin Rifkatu, na zo da toka zan rufe, na ga wasu abubuwa farare dogaye suna motsi a ciki. Rifkatu ta zauna a dandariyar ƙasa ta ɗora kyanwar a ƙafarta.

"Ladi bai sha ruwa ba tun jiya," ta ce. "Ma'u, in ya mutu me zan faɗa wa Bitrus?"

A duk tsawon rayuwata ban taɓa jin an kai kyanwa asibiti ba. Shanu da tumaki da kaji na sani. Amma na ga yadda Rifkatu ta sake ajiye cokali, na san ba kyanwar kaɗai ke ciwo ba. Muka sa ta a kwandonta muka tari keke napep zuwa asibitin dabbobi. Maza da raguna suna ta kallonmu, tsofaffi biyu da kwando. Likitar wata yarinya ce doguwa daga wajen Numan, ba ta yi mana dariya ba. Ta buɗe bakin Ladi ta nuna mana dasashin ya yi fari fat, ta lallatsa cikin, ta ɗebi kashin ta shiga da shi ciki. Da ta fito ta tambayi abin da muke ba ta. Na faɗa mata, har da ɗan alfahari, cewa maigidana mahauci ne, sabon nama take ci kullum.

"Ɗanye?"

Na ce ɗanye.

Ta ce tsutsotsi ne sun cika mata ciki, kuma ba iri ɗaya ba. Wasu daga ɗanyen nama da kifi suke shiga, wasu daga ɓeraye da ƙuma. Ta ce sabuntar nama ba ta hana shi ɗaukar ƙwayayensu, wuta ce kaɗai ke kashe su. Waɗannan suna da magani, in Allah ya so za ta tashi. Tana cikin rubuta maganin sai ta ɗago kai.

"Mama, akwai mai ciki a gidan?"

Na ce akwai 'yata.

Sai ta ajiye biro ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ban da tsutsar da muka gani, akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda kyanwa ke ɗauka idan tana cin ɗanyen nama, ta kuma fitar da ita a kashinta, ta zauna a ƙasa ta daɗe. Babban mutum mai lafiya sau da yawa ko sanin ya ɗauka ba ya yi. Amma idan ta shiga mace a karon farko tana da ciki, tana iya kaiwa ga ɗan, ta taɓa masa ido ko ƙwaƙwalwa, ko cikin ya zube. Ta ce ba ta ce Ladi tana ɗauke da ita ba, kuma ba ta ce a kori kyanwa ba. A dafa mata nama, ba gishiri ba albasa. A ware mata wurin bayan gida, a kwashe kullum, kada mai cikin ta je kusa. Kada ta taɓa ƙasar lambu, kada ta yanka ɗanyen nama, domin shi kansa naman hanya ce ko da babu kyanwa a gida. A wanke ganye sosai. Sannan mu gaya wa likitan da ke duba ta.

Muka kamo hanyar dawowa. Rifkatu ta ƙanƙame kwandon tana kallon titi. Ni kuwa hannun Hauwa'u kawai nake gani, jiƙe da jinin hanta, da yadda take tsintar alayyafo ta kai ɗan ganye baki.

Na gaya wa mahaifinku. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta.

"Shekara nawa ina cikin nama," ya ce, "ban san wannan ba. Ni da na ɗauka alheri nake yi."

A ranar ya sa aka kwashe yashin nan kaf, aka tuge alayyafon, aka zuba ruwan zafi a wurin. Washegari ledar Ladi ta shigo kamar kullum, amma ni ya miƙa wa, ya ce a dafa. An ɗebi jinin Hauwa'u a asibiti, muka yi zaman jira da ba na fatan ko maƙiyi ya yi irinsa. Sakamako ya fito cewa ba ta ɗauka ba. Muka yi hamdala. Sai dai likitan ya ƙara da cewa tun da jikinta bai taɓa haɗuwa da cutar ba, ba ta da kariya, dole a kiyaye sosai har ta sauka.

Umaru ya zo da la'asar. Yaro ne mai ladabi, kun san shi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya durƙusa a gefen tabarma ya ce ya zo ne ya nemi alfarma, yana so ya mayar da Hauwa'u Makama, wurin mahaifiyarsa, har ta haihu. Na ce masa duk abin da likitoci suka ce mun yi, nama ana dafawa, yashi an kwashe, kyanwa tana shan magani, kuma ita kanta likitar dabbobin ta ce ba sai an raba su ba. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

"Dada, na ji," ya ce. "Amma kyanwa ba ta san doka ba. Za ta hau katanga, za ta kama ɓera. Ni na binne biyu da hannuna. Ba zan iya na uku ba."

Hauwa'u tana daga ɗaki tana ji, sai ta fashe da kuka, ta ce ita ba inda za ta, a gaban uwarta take so ta haihu. Mahaifinku ya kawo shawara a kai Ladi shagon wani abokinsa mai hatsi a kasuwa, in an haihu a dawo da ita. Duk wannan magana Rifkatu tana bayan kicin tana tsintar wake. Ba ta fito ba, amma tsakar gidanmu ba ta da faɗin da za ta ɓoye magana.

Da safe na shiga ɗakinta na tarar ta naɗe tabarma, ta ɗaure 'yan zannuwan da na ba ta. Ta ce mutanen cocinsu suna Vinikilang, can ƙetaren kogi, wani manomi ya ba su ɗakuna, an ce akwai wuri. Na ce ba za ta je ba. Na ce a kai kyanwar kasuwa kamar yadda mahaifinku ya ce, wata nawa ne.

"Ma'u, ban fito da komai nasa ba," ta ce. "Ko hularsa. Ladi kaɗai. In na ba wani, shi ke nan na baro Bitrus sau biyu."

Na ce to Hauwa'u ta tafi Makama, ai can ma gida ne, ni zan riƙa zuwa.

"Na san abin da mace take ji in ta rasa ɗa. Kin riƙe hannuna a lokacin, kin manta? Yarinyar nan tana buƙatar uwarta. Ni tsohuwa ce, ko'ina zan kwana."

Na tsaya a bakin ƙofar nan, 'yata a ɗaki ɗaya, ƙawata a ɗaya. Da na rantse mata da Allah, da na kama zaninta, na san za ta zauna, domin ba ta taɓa ƙin maganata ba. Ban kama ba. Na je na ɗauko mata tukunya da bargo da ƙaramar rediyona. Ko yau aka mayar da ni wurin, abin da zan yi ke nan. Amma kada wani ya ce muku bai yi ciwo ba. Mahaifinku ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, bai iya fitowa sallama ba. Hauwa'u ta biyo mu har zaure tana cewa, "Yapendo, ki yafe mini." Rifkatu ta tsaya daga nesa, ba ta yarda ta taɓa ta ba, ta ce, "Ke dai ki haifo mini jikana lafiya."

Ni na raka ta. Muka bi layin shingen sojoji, muka haye gada, ruwan Binuwai ya fara janyewa, masunta suna ta harkarsu kamar ba abin da ya faru a duniya. Ɗakin da aka ba ta na ajiyar masara ne, su huɗu a ciki, rufin kwano, zafi kamar tanda. Ta ajiye kwandon a lungu ta ce mini wurin ya yi kyau. Na dawo gida na tarar ɗakin kusa da kicin a buɗe, an share shi tas. Na daɗe ban iya shiga ba.

Duk mako ina haye gadar nan da kwano biyu, ɗaya na Rifkatu, ɗaya na Ladi, dafaffen nama da mahaifinku ke zaɓa da kansa. Matan ɗakin tun suna dariya har suka saba. Kyanwar ta warke, cikin ya saɓe, gashin ya dawo. Mukan zauna a inuwar wani mangwaro muna kallon gonaki, mu yi hirar yaran da muka koyar, wane ya zama soja, wance ta zama nas. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai idan zan tafi takan rako ni har bakin titi, ta tsaya har keken ya ɓace.

Hauwa'u ta sauka lafiya, mace, idonta garau, kukanta har maƙwabta. Ranar suna Rifkatu ta zo tun da safe cikin zanin da ta wanke ta goge, ba ta zo da Ladi ba. Ta wanke hannu a bakin randa, ta sake wankewa, amma da aka miƙa mata jaririyar sai ta ja da baya. Umaru ne ya karɓi 'yar da kansa, ya durƙusa ya ɗora mata a cinya. An raɗa mata Amina. Rifkatu ta dube ta ta ce, "Godiya." Shi ne sunan da ya bi ta har yau, da yawanku ma kun manta na yankan.

Bayan arba'in Hauwa'u ta koma gidan mijinta, na ce wa Rifkatu ta dawo, ɗakinta yana nan. Ta ce to, bari a ga. Amma a lokacin an fara cewa hanya ta buɗe, sojoji sun karɓe garuruwa, mutane suna komawa. Hankalinta ya riga ya tafi. Ta ce idan Bitrus ya sauko daga inda yake, gida zai nufa, bai kamata ya tarar ba kowa ba. Na raka ta tasha. Mahaifinku ya cika mata leda da soyayyen nama, na sayo mata maganin tsutsa na kyanwa wajen likitar nan. Ta hau mota da kwandonta a cinya, kamar yadda ta zo.

Gidan ta same shi a ƙone, ɗaki ɗaya ne ya tsira da rufi. Ta gaya mini a waya cewa da ta buɗe kwandon, Ladi ta fita ta zagaya ko'ina tana shinshina, sannan ta je ta kwanta a daidai inda kujerar Bitrus take a da. Ta tambayi duk wanda ya dawo. Wani ya ce ya gan shi da yayansa a baya suna nufar rafi, wani ya ce an gan shi a Kamaru. Ta je har can ba ta same shi ba. Fasto ya so a yi masa addu'ar rasuwa kamar yadda aka yi wa sauran, ta ƙi. Ta gyara ɗakin, ta koma noman gyaɗa, da kaka buhu ya sake isowa gidanmu, ko da yake bai cika ba.

Can babu nama, mutane ma da ƙyar suke samu. Ladi ta koma farautar ɓeraye da ƙadangaru, tsutsa ta riƙa dawowa. Babu likitan dabbobi a kusa. Ina aika magani ta hannun direbobi, wani ya isa, wani ya ɓata a hanya. Haka aka yi 'yan shekaru, ga tsufa kuma ya kama kyanwar. Wata rana da azahar, ina tankaɗe, waya ta yi ƙara.

"Ma'u, na binne shi."

Na saki rariyar. Hausar Rifkatu irin ta mutanen wajensu ce, ba ruwanta da shi ko ita, sai na kasa gane wa take nufi. Na ce, "Wa? An same shi ne?"

"Ladi," ta ce. "A bayan ɗaki na haƙa, ni kaɗai. Amma kukan mutum biyu na yi. Na gaya wa Fasto ya sa rana."

Ta ce in zo da rani, in ga inda ta sa dutse da sunan Bitrus, in ga gonarta, mu zauna mu yi hira yadda muka saba. Na ce zan zo. Ranin nan mahaifinku ya kwanta ciwo, na gaba muka rasa shi, daga nan ƙafata ta fara. Kullum muna waya, kullum ina cewa sai damina ta wuce, sai hanya ta yi kyau. Wata maƙwabciyarta ce ta kira ni da wayarta, ta ce an tashi da safe ba ta fito ba, da aka shiga aka tarar ta rasu.

To, kun ji yadda aka yi. Ba wanda ya kore ta, ba ta kuma yi fushi da kowa ba. Godiya, ke da kike shirin shiga sakandare, ki sani akwai matar da ta kwana a ɗakin masara don ki zo duniya da idonki biyu.

Abu ɗaya nake roƙonku. An ce hanyar ta gyaru yanzu, mota tana kaiwa har gindin dutsen. Ku haɗa kai, wanda yake da hutu a cikinku ya ɗauke ni kafin damina ta sauka. Ba zan daɗe ba, ba kuma zan wahalar da ku ba. Ku shimfiɗa mini tabarma a tsakar gidanta, ku koma mota ku jira ni. Na ce mata zan zo.